Yadda Ake Bin Sawun Kakanni a Ƙasar Ayilan da Gano Danginsu da Ke Raye

Matar ƙanena ce ta fara jawo ni cikin wannan harka. Ba'amurkiya ce, kuma abin da ta gada game da asalinta bai wuce magana ɗaya ba: kakan kakarta daga Cork ta ƙasar Ayilan ya fito, bayan babbar yunwar da aka yi a can. Muka zauna gaban kwamfuta muka rubuta sunansa, sai ga mutane gommai masu suna iri ɗaya. Muka ɗauki wanda shekarunsa suka fi kusa, muka kwashe wata uku muna harhaɗa salsalar wani gida da ko kusa bai haɗa jini da ita ba. Daga baya muka gano ainihin kakan nata ɗan gundumar Kerry ne, a Cork jirgi kawai ya hau.

Neman mutum a Ayilan da suna kaɗai tamkar ka shiga kasuwar Kurmi ne ka ce kana cigiyar Malam Musa. Murphy, Kelly, Sullivan, Walsh, Ryan, ga su nan birjik, kuma sunayen yanka ba su wuce su Patrick, John, Michael, Mary da Bridget ba. Abin da ke raba wannan da wancan shi ne wurin da aka haife shi, kuma ba gunduma nake nufi ba, 'yar ƙaramar unguwar karkara da suke kira "townland". Akwai irinsu sama da 60,000 a tsibirin, wata gidajenta ba su kai goma ba. Duk aikin nan a kan gano wannan unguwa ya rataya. In ka same ta, hanyar zuwa ga dangi masu rai ta buɗe.

Mataki na 1: Fara da tsofaffin gida

Kafin ka taɓa intanet, zauna da wanda ya fi kowa shekaru a dangi, ka kunna rikoda a waya. Tambayi sunayen 'yan'uwan wanda ya yi hijirar, da laƙabinsu, da addininsu, da garin da suka fara sauka. Tambayi ko akwai wata gwaggo da take aika wasiƙa ko kuɗi gida. Bincika akwatunan ajiya: bayan tsofaffin hotuna, shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidan inda akan rubuta haihuwa da mutuwa, da ƙananan katunan addu'a da Katolika ke bugawa in an yi rasuwa. Duk sunan wurin da aka ambata, rubuta shi yadda ya fito daga baki ko da bai yi kama da komai ba. Yawancin sunayen unguwannin daga Gelik suke, tsohon harshen mutanen ƙasar, kuma malamin ofis na Boston ko Liverpool yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta.

Mataki na 2: Tone takardun ƙasar da ya sauka

A nan mafi yawan mutane suke gaggawa, nan ne kuma ya kamata a daɗe. Ayilan ba ta ajiye cikakken jerin waɗanda suka fita daga cikinta ba. Sunan unguwar, in an rubuta shi, a can ƙasar da mutum ya tare aka rubuta.

Yana da kyau ka san zamanin da kake magana a kai. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda a kasuwanninmu ake kira arish, shi ne kuwa abincin talakan ƙasar dare da rana. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka tsallaka teku. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum sama da miliyan 8, ta 1851 ta nuna kusan miliyan 6 da rabi. Hijirar ba ta tsaya da yunwar ba, ta ci gaba har cikin ƙarni na 20, kuma gwargwadon yadda kakanka ya makara wajen fita, gwargwadon yawan bayanin da za ka samu.

In Amurka ya nufa, ƙidayar 1900 zuwa ta 1930 tana faɗin shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Da wannan sai ka nemi takardar jirgi. Waɗanda suka sauka New York tsakanin 1855 da 1890 ta tashar karɓar baƙi ta Castle Garden suka bi, daga 1892 kuma ta tsibirin Ellis. Takardun farko ba su cewa komai sai "Ayilan", amma daga 1907 an ƙara wani layi mai daraja: suna da adireshin dangi mafi kusa da mutum ya baro a gida. Sau da yawa a nan za ka ga sunan uwa da na unguwa a jere. Takardar zama ɗan ƙasa da aka cike bayan Satumban 1906 ita ma tana ɗauke da wurin haihuwa.

Ga waɗanda suka fita tun da wuri, akwai taska biyu. Jaridar Boston Pilot ta riƙa buga cigiyar 'yan'uwa daga 1831 zuwa 1921, inda mace za ta ce tana neman ƙanenta, ɗan unguwa kaza a yankin coci kaza, wanda rabon a ji ɗuriyarsa tun da ya tafi aikin layin dogo. An tattara waɗannan cigiyoyi, ana iya bincika su da suna. Ta biyu ita ce littattafan bankin Emigrant Savings na New York, wanda aka kafa a 1850. Da yake masu ajiya da yawa ba su iya sa hannu ba, sai bankin ya riƙa rubuta sunan iyaye, da unguwa, da jirgin da mutum ya shigo, don a tantance shi ran da ya zo cire kuɗi.

In Sikotilan ne, takardar haihuwa ta 1855 da kuma daga 1861 zuwa gaba tana faɗin inda iyayen yaron suka yi aure, ko da a Ayilan ne. A Ingila ƙidayar 1911 ta nemi gunduma da garin haihuwa. Takardun mutuwa na Ostareliya suna kawo sunan uwa da uba da wurin haihuwa. Waɗanda suka bi ta Kanada a 1847 da yawa sun tsaya a tsibirin killace marasa lafiya na Grosse Île kusa da Quebec.

Abin da ya warware mana namu kullin ba takardar mutumin ba ce, dutsen kabarin yayarsa ne, wanda aka sassaƙa wa sunan yankin cocin da aka haife ta. Don haka kada ka bi kakanka shi kaɗai. Bi yayyensa da ƙannensa, bi waɗanda suka tsaya shaida a aurensa da baftismar 'ya'yansa, bi maƙwabtansa na layi. Mutanen Ayilan a jere suke hijira, wa ya aiko wa ƙane kuɗin jirgi, ƙane ya aiko wa ɗan baffa, har ka tarar rabin unguwa guda ta koma titi ɗaya a Chicago.

Mataki na 3: Ɗora unguwar a kan taswira

Da ka samu suna, shiga townlands.ie ko logainm.ie ka tabbatar da shi. Yi hattara, suna ɗaya yakan maimaitu a gundumomi da yawa, irin su Newtown da Ballybeg. Rubuta abu huɗu game da wurin: gundumarsa cikin 32 da ake da su, yankin cocin gwamnati, yankin cocin Katolika, wanda sau da yawa suna da iyakarsa daban suke, da kuma gundumar rajista, wadda aka gina a kan tsarin gidajen gajiyayyu na da. Kowace irin takarda da irin rabon da take bi.

Sunaye sun sauya a zamanin samun 'yancin kai daga Birtaniya. King's County ita ce Offaly yanzu, Queen's County ita ce Laois, Queenstown inda jiragen hijira ke tashi ya koma Cobh. In unguwar tana cikin Antrim, Armagh, Down, Fermanagh, Derry ko Tyrone, to tana Ayilan ta Arewa, kuma takardun bayan rabuwar 1921 a Belfast suke, a PRONI, ma'ajiyar takardun tarihi, da GRONI, ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa.

Mataki na 4: Takardun Ayilan kansu

Za ka ji ana cewa duk takardun Ayilan sun ƙone. Akwai gaskiya a ciki, amma an zuzuta. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardu da ke Four Courts a Dublin ta tashi da wuta. Ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi sai gutsattsari, haka tsofaffin wasiyyoyi da fiye da rabin littattafan cocin Angilika na ƙasar. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin gobarar. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba a can take ba, haka littattafan Katolika da takardun filaye. Waɗannan duk suna nan.

Fara da ƙidayar 1901 da ta 1911, kyauta suke a shafin ma'ajiyar tarihin ƙasa, wato National Archives of Ireland. Kada ka tsaya ga abin da aka kwafe, buɗe hoton takardar. Za ka ga rubutun maigidan da hannunsa, ko alamar gicciye in bai iya rubutu ba, da addinin kowa, da wanda yake jin Gelik. Ta 1911 ta tambayi matan aure shekarun da suka yi da aure, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. In uwa ta ce tara ta haifa, takwas na raye, amma biyu kaɗai ke gida, ka san akwai shida da za ka nema a wani wuri, mai yiwuwa a ƙetare. Akwai kuma takarda ta biyu da ke bayyana gidan kansa: bangon dutse ne ko na laka, jinka ce ko rufin falalen dutse, ɗaki nawa, taga nawa a gaba. Ƙidayar 1926, ta farko bayan 'yancin kai, doka ta kulle ta shekara 100, wa'adin da ya faɗo a 2026, kuma gundumomi 26 na kudu kawai ta shafa.

Kada shekaru su ruɗe ka. A 1908 aka yi dokar fansho ga wanda ya kai 70, shi ya sa za ka ga tsohon da ya ce 52 a 1901 ya koma 71 a 1911. Wannan fanshon ya bar mana alheri guda: masu nema da ba su da takardar haihuwa sai aka riƙa duba musu ƙidayar 1841 da 1851 kafin ta ƙone, kuma takardun binciken sun tsira, suna shafin ma'ajiyar.

Sai rajistar gwamnati a irishgenealogy.ie, ita ma kyauta. An fara rubuta auren waɗanda ba Katolika ba a 1845, na kowa da kowa tare da haihuwa da mutuwa a 1864. Ana ganin hoton haihuwar da ta haura shekara 100, auren da ya haura 75, mutuwar da ta haura 50. Takardar haihuwa tana ba da sunan gidan su uwa, ta aure tana ba da sunayen ubanni biyu, ta mutuwa ba ta faɗin iyaye amma tana faɗin wanda ya kai rahoton, sau da yawa ɗan da ya gaji gona. In ka ga ranar baftisma ta riga ranar haihuwa, ba kuskure ka yi ba. Ana cin tarar wanda ya makara da rajista, sai iyaye su matso da ranar gaba. Ranar coci ta fi zama abin dogaro.

Kafin 1864 littattafan coci ne madogara. Babban ɗakin karatu na ƙasa ya ɗora hotunan na Katolika a registers.nli.ie tun 2015, mafi yawansu zuwa wajen 1880. Ba a bincika su da suna a can, sai dai ka bi shafi-shafi, amma shafukan Findmypast da Ancestry sun yi musu jerin sunaye, RootsIreland kuma na kuɗi ne. A birane wasu sun faro tun ƙarni na 18, a yammacin ƙasar irin Mayo da Donegal kuwa da yawa sai bayan 1840. Da Latin fada, wato limamin cocin, yake rubutawa: Jacobus shi ne James, Gulielmus William, Joannes John, Honora ita ce Nora. Bridget tana iya zama Delia a Amurka, Margaret ta zama Peggy, Owen ya zama Eugene. "O" da "Mac" na gaban suna suna faɗuwa suna dawowa, don haka nemi Sullivan da O'Sullivan duka.

Al'adar sa suna za ta taimake ka, kuma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushen da ya saba da mai sunan baba. Ɗan fari namiji yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, na uku sunan uban. 'Yar fari takan ci sunan kakarta ta wajen uwa. Ba doka ba ce, amma in kana tsakanin gida biyu, takan nuna maka wanda ya fi kama.

Mataki na 5: Bi gonar, ita za ta kai ka ga masu rai

Wannan ne matakin da na fi so, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. A yawancin gidaje ɗa guda ne ya zauna ya gaji gona, sauran suka watse. Zuri'ar wannan da ya zauna kake nema.

Tsakanin 1847 da 1864 an yi wa kowane gida da fili na ƙasar ƙima don haraji, ƙarƙashin jagorancin Richard Griffith. Kundin yana shafin Ask About Ireland kyauta, da taswirar da za ka ɗora a kan ta yau. Yana ba da sunan mai haya, da mai ƙasa, da girman gonar, da lambarta. In mutum biyu masu suna ɗaya suna unguwa ɗaya, akan maƙala wa kowanne sunan ubansa ko laƙabinsa. Kafin wannan akwai littattafan zakkar coci na 1823 zuwa 1837.

Bayan Griffith ba a rufe littafin ba. Ma'aikata sun ci gaba da zagayawa suna gyara, kowace shekara da launin tawadarta. Ka buɗe shafi ka ga sunan tsoho an ja masa layi da jar tawada, an rubuta na matarsa a sama, shekarar tana gefe. Bayan wasu shekaru an soke nata da shuɗiya, an sa na ɗa. Can sai ka ga hatimin L.A.P., alamar cewa gidan ya sayi gonar daga hannun mai ƙasa, abin da ya yawaita bayan dokar filaye ta 1903. In sunan gidan ya sauya kwatsam, kada ka yanke ƙauna, duba rajistar aure, mai yiwuwa suruki ne ya auri 'yar gidan ya tare. Littattafan kudu suna Dublin a hannun hukumar Tailte Éireann, kuma sun zarce har bayan tsakiyar ƙarni na 20. Na arewa daga 1864 zuwa 1933 suna shafin PRONI.

Daga nan ka shigo zamanin da ake iya tunawa. Shafin RIP.ie yana buga sanarwar rasuwa, inda akan ambaci unguwar mamaci da 'ya'yansa da surukansa. Jaridun gunduma irin su The Kerryman da Connaught Telegraph sun daɗe suna jera waɗanda suka halarci jana'iza da dangantakarsu, ana samunsu a Irish Newspaper Archives. A duchas.ie akwai labaran da 'yan makarantar firamare suka rubuto daga bakin tsofaffi a ƙarshen shekarun 1930, da sunan yaro da unguwarsa. Ba abin mamaki ba ne ka tarar da rubutun hannun ɗan ƙanen kakanka.

Mataki na 6: Gwajin jini

Gwajin DNA na AncestryDNA, MyHeritage ko FamilyTreeDNA, da yawu ko gogen cikin kunci ake yinsa, yana nuna waɗanda kuka haɗa kaka. A gwada tsoho mafi shekaru a gidan, don shi ya fi kusa da tushe. Ana auna kusanci da ma'aunin santimogan: 'ya'yan wa da ƙane sukan haɗa wajen 850, jikokin wa da ƙanen wajen 230, tattaɓa-kunne wajen 70. A ƙauyukan da aka daɗe ana auratayya a tsakani, adadin yakan fi haka, sai dangin nesa ya yi kamar na kusa. Duba salsalar waɗanda suka dace da kai, in unguwa ɗaya tana ta maimaituwa, ga amsarka. Ka shiga da shiri, domin gwajin yakan tono abin da gida ya rufe, kamar ɗan da aka haifa ba aure aka bayar riƙo. In hakan ta fito, akwai dokar Ayilan ta 2022 da ta ba irin waɗannan mutane damar ganin takardun haihuwarsu, da rajistar da kowane ɓangare ke bayyana ko yana son a sadu.

Mataki na 7: Sallama a ƙofar gida

Kafin ka tunkari kowa, ajiye cigiya a shafin Ireland Reaching Out, inda 'yan sa-kai na kowane yankin coci suke amsa tambaya, wani lokaci har su tarbi baƙo su kai shi kangon gidan kakansa. Ƙungiyar tarihi ta gunduma, da ɗakin karatunta, da ofishin fada, da shafukan Facebook na ƙauyen duk ƙofofi ne. Matambayi ba ya ɓata.

In ka gano gidan, shawarata ka rubuta wasiƙa ta gidan waya, gajera, shafi ɗaya. Faɗi ko kai wane ne, da sunan wanda ya tafi da shekarar tafiyarsa, da yadda kake zaton kun haɗu. Sa kwafin hoto ko na takardar baftisma. Faɗa a fili cewa zumunci ya kawo ka, ba ka da wata magana a kan gona ko gado, domin a karkarar Ayilan batun fili yana da zafi, kuma baƙon da ya ɓullo da tsofaffin takardu yana iya tayar da hankalin dattijo. In daga Najeriya kake rubutawa, ka san cewa mutanen can sun sha gargaɗi game da wasiƙun damfara masu zancen gado, don haka kada kalmar kuɗi ta fito ko sau ɗaya, kuma ya fi kyau ɗan sa-kan yankin ya fara gabatar da kai. Kada ka wallafa suna ko adireshin mai rai a intanet ba da izininsa ba.

Ba su lokaci. Wata biyu ba amsa ba ƙi ba ne, wasiƙar tana iya zama a kan tebur ana jiran 'yar da ke Dublin ta zo ƙarshen mako ta karanta. Ka sake rubutawa sau ɗaya, in shiru ya ci gaba ka bar su, ka gwada wani reshen gidan.

Masu tunanin fasfo su lura: wanda kakansa, mace ko namiji, aka haifa a tsibirin yana iya neman zama ɗan ƙasa ta rajistar haihuwar ƙetare da ke ma'aikatar harkokin waje. In kakan uba ko na uwa ne, sai in mahaifin nasa ya riga ya yi rajistar kafin a haife shi.

Ran da tafiya ta kama, sanar da su tun da wuri, ka riƙe kwafin takardunka da za ka bar musu, ka kuma ware yini guda don tsohuwar maƙabarta, ba sabuwar da ke jikin coci ba. Ka tafi da tocila, in ka haska dutsen daga gefe rubutun da ruwan sama ya cinye yakan fito. Duba har can ƙasa kusa da ciyawa, inda akan sassaƙa sunan wanda ya biya kuɗin dutsen. Sau da yawa ɗan da ya tafi Amurka ne, da sunan garin da yake zaune.